Sancha Didi Ta Ƙi Lasifika

Shekara goma sha tara ina zaune a hannun hagun Sanchamaya Waiba, benci ɗaya, muna saƙa darduma a Jorpati, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba. In ƙulli ya karkace, ulun ne ba shi da kyau. In launi ya faɗa inda ba wurinsa ba, mai zanen ne ya sha giya kafin ya zana. Abin haushin, sau tara cikin goma ita ce da gaskiya. Maili take ce mini, yadda ake kirana a gidanmu, ni kuma Didi nake ce mata, wato yaya, don ta girme ni da shekara shida kuma ba ta bari in manta.

Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta sauko daga tsaunukan Makwanpur aka zaunar da ita gaban zare. Ko kwana ɗaya ba ta yi a aji ba. Har gobe in ka ba ta jarida, soyayyar gurasar shinkafarmu, sel roti, za ta naɗe a ciki. Amma miƙa mata takardar zanen darduma, mai gida-gida dubu da lambobin launi, kallo ɗaya za ta yi ta nuna maka inda mai zanen ya yi gyangyaɗi. Mijinta ya rasu tun 'yarsu tana goye, 'yar ta girma ta tafi aikin jinyar tsofaffi a ƙasar waje. Yatsun Didi sun yi kanta, har tukunyar shayi take saukewa daga wuta ba tsumma.

Abu guda take da shi a duniya wanda mai masaƙa ba shi da iko da shi. Duk shekara a bikin Tihar, ranar da ƙungiyar iyaye mata ta unguwarmu ke fita waƙar Bhailo gida-gida, ita ce mai ba da waƙa, mu muna amshi. Ta san kowane gida ciki da bai. Za ta tsaya a tsakar gida ta kira mai gidan da sunansa, ta kira ƙauyen da aka ɗauko uwargidan, ta lissafa 'ya'ya har da waɗanda ke Doha, ta sa wa kowa albarka, sannan a fito mana da faifan kyauta. Shekara ashirin da biyu tana wannan. Dorje tela ne ke kaɗa mana jita, har ya samu bizar Malesiya ya rataye ta a ƙusa a ɗakin taronmu ya yi gaba.

A taron farkon damina ne Tulasa Basnet ta kawo maganar. Ita ce shugabarmu, mijinta ke da shagon kayan gini da gidan nan mai hawa huɗu.

"Bana lasifika za mu ɗauko haya," in ji ta. "Matan tsallaken gada haka suka yi bara, su arba'in cikin anko, duk wanda ke da waya ya gan su. Mu fa?"

Didi ta ce, "Lasifikar ta san sunan mutane?"

"Haba Didi, wa ke son dogon kirari yanzu? A yi rawa, a karɓi faifai, a wuce. Kuma tun da Dorje ya tafi ba mu da mai jita. Ganga ɗaya da muryar tsofaffi, sai ka ce rakiyar gawa."

"Au, jita ce matsalar?"

Ta miƙe, ta taka kujera, ta sauko da jitar Dorje daga ƙusa, ta goge ƙurar da gefen zanenta. "Ni zan kaɗa."

Ɗaki ya fashe da dariya. Ba zan ɓoye ba, har da ni. Wata ta ce, "Didi, baibai kika riƙe ta." Tulasa ta share hawayen dariya ta ce, "To shi ke nan. Kafin bikin Dashain ki kaɗa mana waƙar a nan ɗakin. In mun gane ta, ba lasifika, kina nan a wurinki. In ba mu gane ba, kada in ji ƙorafi."

"Ku dai wanke kunnuwanku," in ji Didi.

Da baki take yi wa wayarta magana, tunda ba ta rubutu. Ta yi kwana uku tana kallon samari masu dogon gashi suna gudu da yatsu a bidiyo tana tsaki, har ta faɗa kan wata mata a Kalimpong, can tsallaken iyaka, Premkit Lepcha, mai koyar da 'yan koyo ta kiran bidiyo. A gabana ta aika mata saƙon murya. "Ni masaƙiya ce, shekarata hamsin da uku, wata huɗu gare ni. In ba za ki iya ba ki faɗa tun yanzu." Matar ta amso tana dariya, ta ce Asabar ƙarfe takwas na safe.

Ranar Asabar Didi ta jingina wayar da dunƙulen ulu ta kira ƙarfe takwas daidai. Malamar ta ɗauka da buroshi a baki, don agogonsu yana bayan namu da kwata. Didi ta juyo ta ce mini, "Kin gani ko? Tun ba a fara ba ɗaliba ta riga malama." Daga ranar Bahini take ce mata, ƙanwa ke nan, ba ta taɓa ce mata malama a gabanta ba.

Premkit mace ce mai haƙuri, mai tabarau, kullum da kyanwa tana gittawa ta bayanta. A mako na biyu ta ce, "Didi, yatsun ba sa ciwo? Duk ɗalibaina a nan suke fara kuka." Didi ta kai yatsunta jikin wayar. Malamar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba ta taɓa samun ɗalibar da ta zo da rabin aikin a gama ba. Sauran rabin ne ya ba su wuya. Yatsun sun saba da lanƙwasar ƙulli, ƙaramin kuwa ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi miƙewa. Hannun dama ya saba da ƙarfen da muke danne saƙa da shi, cikin wata guda ta tsinka tsirkiya biyu.

"A hankali, Didi. Ba darduma kike duka ba."

"Abin ne ba shi da ƙwari. Wa ya ƙera ta?"

Duk da haka suna tafiya. Didi ta rera mata karin waƙar Bhailo yadda muke yi a unguwarmu, Premkit ta ce za ta rubuta mata shi a takarda, layi shida tsirkiya shida, lamba kuma ta nuna gaɓar da za a danna a wuyan jitar. A nan damina ta kankama. Ƙasa ta zaftare a wajensu, sabis ya lalace. Sai a kira, fuskar malamar ta daskare baki a buɗe, Didi ta yi ta girgiza wayar. Da ƙyar hoton takardar ya shigo, da saƙon murya na minti tara. Na kai hoton shago aka buga mana shi a takarda.

Didi ta kunna saƙon, ta ji gaisuwa, ta ji an fara bayani, ta kashe.

"Ki ƙarasa ji mana," na ce.

"Layi da lamba ne fa, Maili. Shekara talatin da tara ina cin abinci da layi da lamba. Wannan yarinyar za ta koya mini?"

Sai ta karanta takardar yadda duk mai saƙa zai karanta. Daga ƙasa muke farawa. Ka gama layin ƙasa kaf daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ka hau na samansa. Haka ta yi. Ta kaɗa duk lambobin da ke kan tsirkiya mai kauri, ta hau ta biyu ta gama da ita, har ta kai siririyar. Mako bakwai tana wannan, da safe kafin aiki, da rana a hutun cin abinci, shinkafarta tana hucewa a gefe. Ina ji, kuma kunnena yana gaya mini wannan ba waƙarmu ba ce. Na yi ƙarfin hali na faɗa sau ɗaya.

"Darduma tana kama da darduma a layi na uku?" in ji ta. "Sai an haɗa fure ke fitowa."

Na yarda. Ni ma masaƙiya ce, maganar ta zauna mini daram. Duk lokacin da sabis ya leƙo, Premkit kan aiko saƙo a turo mata abin da aka koya ta ji. Didi ta yi kunnen uwar shegu. Ita a rayuwarta ba ta nuna wa mai saye darduma sai an yanke ta daga masaƙa, kuma ba ta ga dalilin sauya hali a kan jita ba.

Ranar gwaji mata ashirin da shida suka cika ɗakin taro. Didi ta sa sabuwar riga. Ta zauna ta gyara jitar a cinya, ta fara da ƙasa, dum, dum, dum, ta hau, ta hau, ta ƙare da wani ɗan tsiwa kamar ɓera a rumbu. Ko lamba ɗaya ba ta kuskure ba, ni shaida ce. Ta ɗago kai tana jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Can wata amarya daga baya ta ce, da zuciya ɗaya, "Didi, in kin gama ɗaure tsirkiyar ki fara mana."

Dariyar da aka yi ranar har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tulasa ba ta yi dariya ba, kuma nata ya fi zafi. Ta dafa kafaɗar Didi ta ce, "Kin yi ƙoƙari. Ki zo a auna ki anko, za mu sa ki a layin gaba wajen rawa." Didi ta cire hannun daga kafaɗarta kamar mai cire zare daga riga, ta ɗauki jitar ta fita. Na bi ta. Ba ta tsaya ba sai ɗakinta.

Ta jingina wayar ta kira. Aka yi sa'a an gyara musu sabis. Ko gaisuwa ba ta amsa ba, ta kaɗa abin daga farko har ƙarshe. Premkit ta cire tabarau ta mayar.

"Didi, sake. Ke kuma Didi Maili, ki riƙa bin takardar da yatsa in gani."

Muka sake. Tun a layin farko malamar ta dafe baki.

"Kin saurari saƙona?"

"Na ji gaisuwar."

"Wayyo Didi! Ba layi-layi ake bi ba. Duka shidan ake kallo a tare, daga hagu ana tafiya dama. Lambar da ta fara zuwa ita ake kaɗawa, ko a wane layi take. Mako bakwai! Me ya hana ki turo mini?"

Na zaci ranar zan ji abin da ban taɓa ji ba. Didi ta ƙura wa takardar ido, muƙamuƙinta yana motsi. Sai ta sa hannu ta juya takardar, gefen hagu ya koma ƙasa. Layukan nan shida suka miƙe tsaye.

"Ga ta nan," in ji ta. "Ga zaren tsaye guda shida. Ga layin farko a ƙasa, ƙulli ɗaya. Ga na biyu. Ana hawa." Ta kai takardar jikin wayar tana kaɗa ta. "Ku ne kuka kwantar da masaƙa a kan haƙarƙari, sannan ki ce ban iya karatu ba? A ina aka taɓa saƙa a kwance?"

Premkit ta ɗauko tata takardar ta juya. Ta bi da yatsa daga ƙasa zuwa sama. "Haka ne kuwa," ta ce a hankali. "Daidai take fita."

"Da ma."

Washegari Didi ta karɓo takarda mai gida-gida wurin mai zane, ta kwafe waƙar a tsaye, kowane yatsa da launinsa, ja na manuni, shuɗi na ɗan ƙaramin nan mai taurin kai. Saura wata guda Tihar. Premkit ta ce wata guda ba zai isa duka ba, ta yanke waƙar biyu ta bar rabin da za a yi ta maimaitawa, kuma ta ba da kwatan awa kowace safiya ba Asabar kaɗai ba. Wahalar ita ce hannu ya riga ya haddace karkataccen. Sai a yi nisa, yatsun su zame su koma tsohuwar hanya, Didi ta zage su da sunan ubansu ta dawo farko.

Ni kuma na yi wautar zuwa wurin Tulasa a ɓoye in roƙa a sake sauraron ta. Ta ce an riga an kama lasifika, anko yana wurin tela, magana ta ƙare. Labari ya koma kunnen Didi. Kwana biyu muna benci ɗaya ba ta dube ni ba. A na uku ta ce, ba tare da ta ɗago daga saƙa ba, "Roƙo na aike ki?"

"Na ga kina wahala ne."

"Ke za ki riƙe ganga. Mu biyu za mu fita."

"Ni? Ban iya gangar madal ba!"

"Ni na iya jita?"

Ranar Bhailo, rana tana shirin faɗuwa, an fara jera fitilun mai a bakin ƙofofi, mata ashirin da biyar suka fito cikin jan anko suna jan lasifika mai taya. Mu kuma muka fito ta ɗaya lungun, tsofaffi biyu, ɗaya da jitar tela, ɗaya da gangar aro. Na soke wayar a ɗamarata, fuskarta waje, don Didi ta ce Bahini ta zo ta ga aikinta.

Ba zan yi ƙarya ba, kiɗan yana ɗingishi. Gidan farko suka fito da faifai tun ba mu kai rabi ba, irin na a rabu da mutum lafiya. Gida na biyu suka ce sun riga sun bayar. A mararraba muka yi kiciɓis da lasifikar, ta shanye mu gaba ɗaya, ina ganin bakin Didi yana motsi ba na jin komai. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya har suka raɓa ta suka wuce. Amshi kuwa murya ɗaya ce, tawa, kuma kunya ta sa ta maƙale. Na so in koma ɗaki in rufe ƙofa.

Bayan gida na biyar sai na ga ta nufi gida mai hawa huɗu.

"Didi, kin haukace? Can fa suka nufa!"

"Shekara ashirin da biyu ina shiga gidan nan. Wa ya ce miki an canza ƙofa?"

Muka tarar da su cirko-cirko a tsakar gida, lasifika a kashe. Sun yi rawa har waƙa uku, faifai bai sauko ba. A gidan nan faifai ba ya fita sai ta hannun surukar Tulasa, tsohuwa mai shekara tamanin da takwas da ƙafa ta daina ɗaukarta. An zaunar da ita a tagar hawa na biyu, faifan yana kan cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu. Tulasa tana ƙasa tana ɗaga murya.

"Ama, an gama fa! Mutane suna jira!"

"Hayaniya na ji," in ji tsohuwar. "Ban ji an kira ni ba."

Didi ta ratsa ta tsakiyar jan ankon ba ta nemi hanya ba. Ta tsaya ƙarƙashin tagar, ta gyara igiyar jitar a wuya, ta fara. A layi na huɗu yatsun suka zame. Wani ya yi ƙaramar dariya. Daga ɗamarata na ji muryar Premkit ƙasa-ƙasa tana cewa, "Daga ƙasa, Didi." Didi ta tsaya, ta koma farko yadda take warware ƙulli in ya karkace, ta sake hawa. Wannan karon waƙar ta fito. A hankali take tafiya, amma duk wanda aka haifa a unguwar nan ya gane ta.

Sai ta buɗe baki. Ta kira tsohuwar da sunanta na yarinta, wanda rabon da a ji shi sai bara war haka. Ta kira ƙauyen da aka ɗauko ta a kan doki. Na amsa ni kaɗai. Ta kira marigayi mai gidan, ta kira ɗan da ke da shago, ta kira wanda ke Doha, ta kira autan da girgizar ƙasa ta ɗauke, ta ce shi ma fitilarsa tana ci a bakin ƙofa. A nan wata murya ta faɗo daga taga, a tsattsage, ta amsa tare da ni. Baiti na gaba muka zama biyar. Amaryar nan da ta yi maganar ɗaure tsirkiya tana cikinsu, tana amshi tana kallon ƙasa.

Tsohuwar ta ɗaga hannu daga faifan. Dole Tulasa ta hau ta sauko da shi da kanta, shinkafa da sel roti da fitila tana ci a tsakiya. Ta tsaya gaban Didi ta miƙa.

Didi ba ta karɓa ba, hannayenta suna kan aiki. Ta dubi Tulasa ido cikin ido ta ba da baitin ƙarshe. Ta kira ta da sunanta, surukar gidan, wadda ta yi shekara shida tana yi wa tsohuwa wanka da hannunta ba ta taɓa bar wa 'yar aiki ba, ta ce albarkar gidan ta bi ta har jikoki. Duk tsakar gidan aka amsa, ban da mutum ɗaya.

Tulasa ta matso. Ina kusa, na ji abin da ta ce.

"Kiɗan nan naki har yanzu ba daɗi, Didi."

"Na sani," in ji Didi. "Amsa."

Ta koma ƙasan waƙar ta sake hawa, ta sake ba da baitin, ta jira. Mata ashirin da huɗu suka kama bakinsu, ni ma na dafe gangar. Tsirkiya kaɗai ke tafiya da ɗingishinta.

Tulasa ta amsa, faifan yana hannunta.